Ranar da Ɓarawo Ya Gaida Taubashina da Ladabi

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya kai ki Birnin Kebbi lafiya, Ya tsare ki a mota, Ya tsare ki a makaranta, Ya haɗa ki da malamai da ƙawaye masu tsoronSa. Amin.

To, amsa mini. Wayar nan da na saya maki, wadda tun da ta shigo hannunki kike goge ta da gefen mayafi, kina tsammanin don tana cikin jakarki ke kaɗai ke riƙe da ita? Ni ma haka na zata, har ranar da wani ƙato da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya shiga tawa ya zauna, yana magana da sunana, ni kuwa ga ta a aljihuna.

Da baki na so in faɗa maki, amma kin san hali. Kafin in kai tsakiyar magana na fara faɗa, ke kuma kin fara kallon ƙasa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Boko a jikin buhunan taki da allunan shaguna na koye shi, na ƙarasa a waya, in kin ga harafi ya karkace ki wuce shi kawai.

Abin da ya same ni a kasuwar Lolo bara, lokacin kakar albasa, kina makarantar kwana. Abin da kika ji a bakin mata rabi ne, rabin ma an sa masa gishiri. Ga cikakkensa.

Kin san sana'ata dillanci ce. Ba ni da fadama, ba ni da mota. Manomi daga Zagga ya sauke buhunansa a rumfata ya juya gida ba takarda ba shaida. Mai saye daga Benin ya turo kuɗi bai ga kaya ba. Duk a kan maganata ake yi. Duk ranar da aka ce Hamisu ba shi da amana, rumfata ta zama inuwar awaki, kuɗin makarantarki kuwa sai a mafarki.

Wautata ta farko tun kafin ranar na tafka ta. Duk guruf ɗin da aka jefa ni a manhajar hira, sai in zauna in miƙe ƙafa. Na manoma, na tallafi, na ƙwallo, na waɗanda ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. A ganina alamar an san ni ce. Ga hotona a kai, ga sunana, ga "Dillalin albasa Lolo" na rubuta da hannuna don burga. Na tallata kaina ga ɓarayi kyauta. Ke idan aka jefa ki guruf ba ki san wanda ya buɗe shi ba, fita, kada ki tsaya sallama. Ki shiga saitin manhajar ki hana a sa ki ko'ina sai da yardarki, ki ɓoye hotonki ga wanda ba ya cikin lambobinki. Wayar kanta ki sa mata makulli. Kada ki sa shekarar haihuwarki, kada ki sa ƙarshen lambar wayarki. Ni tawa haka nake ajiye ta a buɗe wurin mai caji, cikin tarin wayoyin jama'a, in tafi sallah. Allah ne kaɗai Ya rufa asiri a nan.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. Ana loda mota, ina rigima da 'yan dako a kan buhun da suka yar ya fashe, sai waya ta yi ƙara. Murya mai sanyi, ya fara da gaisuwa da yaren Dendi ya koma Hausa, irin tamu sak.

"Malam Hamisu dillali?"

Na ce, "Shi na. Mi ne ne? Ina cikin aiki."

Ya ce an sa sunana cikin waɗanda za a ba injin ban ruwa, za a yi taro ta waya da yamma, sun turo mini lambar shiga taron, in karanto masa don ya tabbatar da ni. Ki duba fa, Ummi. Ni da ba ni da ko taki ɗaya a fadama, me zan yi da injin ban ruwa? Amma nan take zuciyata ta ce ai sai in sayar. Na duba, ga saƙo ya shigo, lambobi shida da wani rubutun Turanci a ƙasa. Lamba kuwa na iya karanta ta, har ina jin daɗin yadda nake karanta ta da sauri gaban 'yan dako. Na karanto masa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayarsa ko ya ji. Ya ce, "Allah Ya yi albarka." Turancin nan da na tsallake, daga baya aka fassara mini. Cewa yake kada ka ba kowa wannan lamba.

Ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Lambar da ta shigo wayarki ta saƙo makullin ɗakinki ce. Ba ma'aikacin banki, ba na kamfanin waya, ba magatakardan makarantarku, ba wanda aikinsa na gaskiya ke bukatar ki karanto masa ita. Ko muryata kika ji tana tambayarki, kashe wayar. Kuma duk abin da aka ce kin ci alhali ba ki nema ba, ke ake shirin ci.

Da na koma manhajar sai na ga ta fitar da ni, tana tambayar lambata kamar yau muka haɗu. A nan na yi wautar da sai ɗan iyaka ke yin irinta. Kin san mu. Waya ta ƙi kira, mu ce sabis ɗin Benin ne ya danne na Najeriya. Saƙo ya ƙi tafiya, sabis ne. Ko batir ya kumbura sai wani ya ce sabis ne. Na yi tsaki, na zagi kamfanin waya da duk wanda ya kafa ƙarfensa, na jefa ta aljihu na ce in na hau tudu za ta dawo. Na wuni, na kwana, na sake wuni. Duk wannan lokaci mutumin nan yana cikin manhajata yana bin abokan hulɗata ɗaya ɗaya da saƙo, da sunana da hotona. Wai motar albasa ta lalace a hanyar Kamba, a taimaka a tura kuɗi ga asusun makanike, zai mayar ranar kasuwa.

Idan kin ga manhaja ta fitar da ke ba ke kika fita ba, ko layinki ya mutu alhali na kusa da ke suna kira, kada ki jira komai. A nan take ki sake shiga da lambarki, in ya ƙi ki ari waya ki sanar da mutanenki, ki nufi ofishin layin da bankinki da ƙafarki.

Mutum ɗaya ya tura. Ɗan'azumi mai shagon taki, wanda rumfarsa ke kallon tawa. Ya zo da fara'arsa yana tambaya ko mota ta iso. Na ce wace mota? Ya ce wadda ya tura kuɗin gyaranta. Da ina da hankali a lokacin, cewa zan yi, zauna, nuna mini saƙon. Amma ubanki ne. Na ce masa ko rana ce ta taɓa masa kai? Ya faɗa, na faɗa, na ƙara da abin da ban so in rubuta maki. Sai ya fita tsakiyar layin albasa ya ɗaga murya yadda har masu kifi suka jiyo.

"Jama'a ku shaida! Hamisu ɓarawo na! Ya ci kuɗina yana kallon idona!"

Kafin la'asar manoma biyu sun zo da amalanke sun kwashe buhunansu daga rumfata. Ɗaya ma har ya gaishe ni. Gara da zagina suka yi. Sarkin dillalai ya aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa za a zauna, in ban wanke kaina ba in tattara sikelina. Innarki ta daina zuwa rijiya sai ta tabbatar ba kowa.

Fushina ya ba ɓarawon nan lokaci fiye da abin da wautata ta ba shi. Da na bi masallaci da rumfuna ina cewa an sace mini manhaja, kada wanda ya tura komai, da tun ranar ya rasa kasuwa. Ni kuwa na tsaya kare girmana. Ke in abu ya same ki, faɗa da wuri, faɗa da ƙarfi. Kunyar an cuce ki ba taki ba ce, ta wanda ya yi cutar ce.

Yanzu ki gyara zama, ga inda daɗin yake.

Kin san Mudi, ɗan gwaggona da ke tsallaken iyaka, taubashina. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba, kuma ba za mu fara ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce ni ne bawan, in ce da kuɗin goro aka sayo kakansa, ya ce tawa kakar kyauta aka bayar. Ko a gidan gaisuwar mutuwa sai mun yi a hankali. Haka al'ada ta ba mu.

Ranar zaman, an shimfiɗa tabarmi a rumfar Sarkin dillalai, mutane sun yi da'ira. Ɗan'azumi ya nuna saƙo, ga hotona, ga sunana. Na rantse, aka ce kowa ma ya iya rantsuwa. Ina shirin fara faɗa, sai ga babur ya tsaya, ga Mudi ya sauko yana dariya tun daga nesa, wandonsa duk laka.

"Ina bawan nan nawa? An ce ya tuba, na taho in gani da idona!"

Sarkin dillalai ya ce, "Mudi, ba wasa muka zo yi ba."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma shaida na kawo. Ɗan'azumi, kai ka iya boko, karanta ma jama'a wanga."

Ya miƙa masa wayarsa, ga saƙon da ya shigo masa da sunana. Ɗan'azumi ya karanta a fili: "Assalamu alaikum babban yaya, Allah Ya ƙara girma da ɗaukaka. Don Allah ina neman alfarma, in ba damuwa."

Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Wa? Hamisu?" Sai rumfa ta ɗauka. Mutane suna riƙe ciki. Wani ya ce tun da aka haife ni bai taɓa jin "in ba damuwa" ta fito bakina ba. Wani ya ce ko liman ban taɓa yi wa irin wannan ladabi ba, balle Mudi. Ni dai ban san ko in ji daɗi ko in ji haushi ba.

Ɗan'azumi ya ce wannan ba hujja ba ce, mai neman kuɗi ya iya sauke murya. Mudi ya ce to madalla. Ya karɓi wayata ya ajiye a tsakiyar tabarma gaban Sarkin dillalai, ya ce in ɗora hannuwana a kaina kamar ɗan makaranta. Na ɗora, ina hararsa. Ya danna tasa ya aika saƙon murya kowa na ji.

"Kai bawana, ɗan kwaɗayi, yaushe ka koyi roƙo? In aiko maka, ko in taho in sayar da kai in huta?"

Ba a daɗe ba wayarsa ta yi ƙara. Tawa tana kwance kamar dutse. Ɗan'azumi ya karanta: "Yi haƙuri babban yaya, in na ɓata maka rai ka gafarce ni."

Mudi ya faɗi a tabarma yana shure-shure. Ya ce a ba shi hoton wannan saƙo zai rataye a ɗakinsa. Sannan ya tashi ya sake aikawa: "Na yafe. Ya jikin kawu, ubanka?" Amsa ta zo: "Da sauƙi sosai, yana gaishe ka." Kakanki ke nan, Ummi, wanda rabin mutanen da ke wurin suka sallaci gawarsa tun kina goye. Dariya ta tsaya, aka ɗauki salati. Sarkin dillalai ya ɗauki wayata da hannunsa ya miƙo mini, ya ce, "Koma rumfarka." Kafin a tashi kasuwa amalanken nan biyu sun dawo da buhunan, na sa masu su suka jera su da kansu.

Ki lura da abin da ya kama mutumin nan. Ya sace sunana, ya sace hotona, ya iya Hausarmu, amma bai san abin da ke tsakanina da mutanena ba. Saboda haka duk saƙon da ya zo da neman kuɗi ko gaggawa, ko daga wa, kada ki duba hoto. Kira mutumin ta layi, kiran da aka saba. In bai ɗauka ba, tambaye shi abin da sai ɗan gida ya sani, ko ki jefa masa ƙarya ki ga ko zai haɗiye. Na ji an ce yanzu har murya suna iya kwaikwaya da na'ura, don haka muryar ma ki gwada ta.

Manhajar na ƙwato ta. Na sake shiga da lambata, sabuwar lamba ta shigo layina, sai na tarar ɓarawon ya ɗora nasa makullin sirri, dole na yi jiran 'yan kwanaki kafin ta buɗe. Tana buɗewa na sa nawa. A cikin saiti yake, wurin tabbatarwa mataki biyu. Da na sa shi tun farko, ko na karanto masa lambar nan da waƙa ba zai shiga ba. Naki na riga na sa ki kin sa a gabana, kin yi ta ƙunƙuni, na ji. Kada ki cire, kada ki faɗa wa ƙawa.

Daga nan na zama annoba a Lolo. Rumfa rumfa na bi, duk mai waya sai na tsaya a kansa ya sa makullin nan. Wanda ya ce ba ya so in ce masa to ya shirya tabarmar Sarkin dillalai. Ba a yi nisa ba kuwa aka kira Inna Kulu mai bandar kifi, da zancen injin nan dai. Tsohuwar nan ta buɗe muryar wayar, ta yafito mu da hannu.

"To ɗana, ga lamba. Bakwai. Ka rubuta? Sai bakwai kuma. Tsaya, kifi na ƙonewa."

Ta bar shi yana jira, ta juya kifinta, ta sallami mai saye, ta dawo ta ce idonta ba ya gani, ko ukun nan takwas ce? Ya yi ta lallashinta yana "Sannu Inna, a hankali." Da ta gaji sai ta ce, "Injin nan in ya zo, ka fara ban ruwa da shi a gonar uwarka." Layin kifi gaba ɗaya ya ɗauki shewa a kunnensa. Na yi kwanaki ina tuna wannan ina dariya ni kaɗai. Tun daga ranar ban ƙara jin an cuci wani da wannan dabara a kasuwarmu ba.

Ke inda za ki je babu Mudi, babu Inna Kulu, sai wayonki. Za ki yi rajista a shagon kwamfuta. Kada ki bar mai shago ya buga maki kalmar sirri, ke za ki buga, in kin gama ki fita daga asusunki kafin ki tashi daga kujera, in kwamfutar ta tambaya ko ta ajiye maki kalmar ki ce a'a. Kada ki yi amfani da kalma ɗaya ko'ina. Za a turo maku saƙo a guruf ɗin aji, wai danna nan ki sami data kyauta ko tallafin karatu. Kada ki danna, ko shugabar ajin ce ta turo, ita ma turo mata aka yi. Kada ki ba masu tura fina-finai wayarki su zuba maki manhajar da ba ki san asalinta ba. In wayar ta ce a sabunta ta, ki sabunta, na san data na da tsada, ni zan saya. Katin banki kuwa, in kina buga lambarsa wurin mai cirar kuɗi, ki rufe da hannu ko da yana murmushi.

Saura ɗaya, mai nauyi a bakin uba. Kada ki tura wa kowa hoton da ba za ki so innarki ta gani ba, ko ya rantse da Alƙur'ani aure yake nufi. In kuwa tsautsayi ya sa wani ya riƙe wani abu yana yi maki barazana, kada ki biya shi, kada ki ɓoye mini. Na san abin da kike tsoro, bakina. Na yi maki alkawari, shi zan juya wa bakin, ke kuwa mota zan hau in zo in tsaya kusa da ke.

Allah Ya tsare ki daga sharrin da ake gani da wanda ke shigowa ta waya. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya dawo mana da ke lafiya da takardarki a hannu. Ki riƙe sallah, ki ci abinci, ki kira innarki.

Wannan na ƙarshe ba naki ba ne, amma na san kafin ki shiga mota za ki karanta wa innarki, ita kuma kafin azahar matar Ɗan'azumi ta ji, to a isar masa. Ɗan'azumi, na san an cuce ka, ni na raka ka banki ka kai ƙara, ban kuma yi maka dariya ba. Ka zo ƙofar gidana ka ba ni haƙuri a bayan katanga, murya ƙasa ƙasa, na ji. Amma ba a bayan katanga ka kira ni ɓarawo ba. A tsakiyar layin albasa ka yi, masu kifi suna ji, har yau akwai ƙauyukan da labarin farko ya kai na biyu bai kai ba. Ranar kasuwa ka fito wurin nan da ka tsaya, da muryar nan taka, ka gaya wa jama'a: Hamisu ɓarawo ne, ko ba ɓarawo ba ne? Ina rumfata, ina jira.

Wassalam.

Mahaifinki,
Hamisu